Asabar, bakin kurmin Ngel Nyaki, tsaunin Mambila

Yau dai mun gan su, tsuntsayen nan kabaren Bannerman! Guda biyu, a cikin sarƙaƙiyar bakin rafi, hazo na fara ɗagawa. Kai da ciki rawaya shar, baya kore-kore, sai baƙin da ya rufe fuska ya gangaro har maƙogwaro, ga farin ido a tsakiya. Maƙogwaron nake fara dubawa, domin akwai wani ɗan'uwansa a nan Mambila wanda baƙinsa a fuska ya tsaya. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Kabaren Bannerman ke nan, ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba. Auta ta karɓe madubin hangen nesa, ba ta sake shi ba sai da suka shige duhuwa.

Mun dawo Yelwa muka tarar Baffa ya zo. Ana shan shayi Auta ta fesa masa labari. Ya yi dariya ya ce, "Kabare kuka fita gani cikin wannan sanyi? Ku gangara ƙasa mana, ga su nan fal a bishiya, suna cinye wa mutane dawa."

Na ce, "Baffa, wannan daban ne. Ba ya taron gayya, bibbiyu suke yawo ko 'yan kaɗan. Duk duniya babu shi sai a tsaunukan yammacin Kamaru da namu na Mambila da Obudu. Ana fargabar raguwarsu."

Ya ce to ai an kare shi, tun 1969 gwamnati ta killace kurmin, su makiyaya kuwa ba sa shiga ciki. Sannan ya ƙara da cewa wata mai kamawa za su sa wa ciyawar gangaren wuta, yadda aka saba. "Ɗana, busasshiyar ciyawa ba ta ƙosar da saniya. Sai an ƙone sabuwa ke tohowa."

Maganar nan ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Tsuntsun ba mazaunin tsakiyar kurmi ba ne. Gefe yake so, inda manyan itatuwa suka ƙare ƙananan tsirrai da ƙaya suka fara, nan yake kiwon ƙwari da 'ya'yan itace, nan yake saƙa sheƙarsa da ciyawa. Daidai inda wuta ke isa duk rani, shanu kuma su bi baya su tattake abin da ya saura. Kowace shekara gefen yana ja da baya.

Kuma Baffa bai faɗi ƙarya ba. Da nonon shanun nan aka raine mu, da su aka biya mana kuɗin makaranta. Ban yi musu da shi a gaban yara ba.

 

Na ga filayen da masu binciken kurmin suka kewaye da waya, inda ba wuta ba kiwo, ƙananan itatuwa sun fara tasowa. Ba na neman a hana ƙuna gaba ɗaya. A share layi tsakanin ciyawa da bakin rafin kafin a kunna, shi ke nan. Gobe bayan la'asar zan bi Baffa ruga da fartanya, in ce ni da Yaya za mu yi sharar, ya sa mana baki wurin Arɗo.