Yadda muka zaɓi manhajar tafiyar da kasuwancinmu a Tahoua

Harkarmu ta sari ce: shinkafa, sukari, man girki, taliya da tumatirin gwangwani. Shago biyu ne da sito guda, Kawu ne mai dukiyar, ni kuma lissafi ke hannuna. Shekaru mun yi da littafin bashi da Excel, har ta kai kowane ƙarshen wata sai an yi gardama: sito ya ce ya fitar da kaya, shago ya ce bai karɓa ba. Kontabul ɗinmu, wato akawun da ke duba mana lissafi, shi ne ya ba da shawarar mu nemi manhajar da ake kira ERP, wadda ke haɗa saye, sayarwa, kayan sito, bashi da lissafin kuɗi wuri guda, ta yadda in an sayar da buhu a shago, nan take zai ragu a lissafin sito.

Uku muka duba. Sage kontabul ya fi sani, amma sai an sayi lasisi. Odoo ta Beljiyam ce, tana da ta kyauta da kuma ta biya, wadda ake lissafa kuɗinta bisa kowane ma'aikaci a kowane wata. Dolibarr ta Faransa kyauta ce, kuma ana iya sa ta a kwamfutar shago ta yi aiki ba intanet.

Duk wanda ya zo nuna mana kayansa, da misalansa yake zuwa, komai tsaf. Sai na daina kallon nasu. Na ɗauko cinikin wata Lahadi, ranar babbar kasuwa, na ce a shigar da shi a gabana yadda ya faru. A nan ne aka rarrabe. Katon ɗin tumatir muke sarowa, amma wani dozin yake so, wani gwangwani biyar. Wani ɗan kasuwar ƙauye ya ɗauki buhu goma, ya biya rabi a hannu, ya turo wani abu ta Nita, kamfanin aika kuɗi, bayan kwana biyu, sauran sai kasuwa mai zuwa. Wasu kayan kuma daga wajen Konni suke shigowa, da naira aka saye su, canjin safe daban da na yamma. Wani mai tallar manhaja ya daɗe yana laluben inda zai rubuta biyan kashi-kashi, Kawu ya dube shi ya ce, "Yaro, ai rabin cinikinmu ke nan." Daga nan maganarsa ta mutu.

Kontabul nasa sharaɗin daban. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tun 1 ga Janairun 2018 ake aiki da sabon tsarin lissafin kuɗinta, SYSCOHADA. Ya ce in manhaja ba ta zo da lambobin asusun wannan tsari ba, 411 na masu saye, 401 na masu kawo kaya, 57 na kes, wato kuɗin hannu, to shi ne zai riƙa sake rubuta komai da hannu. Ya kuma gwada harajin TVA, wanda ake ɗora wa kayan sayarwa, na kashi 19 cikin ɗari, ya ga ko ana iya ware kayan da ba a ɗora wa. Batun faktir, wato takardar ciniki, mai shaidar hukumar haraji kuwa, tambayarsa ya kamata a fara yi kafin a tambayi farashi, domin ba kowace manhaja ke fitar da shi ba. Mu dai mun bar na'urar fitar da faktir ɗin daban.

Sai wuta. Wanda ya ga yadda aka yi a 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, ba zai ɗora cinikinsa kacokan kan intanet ba. Wannan ne ya rinjaye ni zuwa Dolibarr. Ba ta kai Odoo kyan gani ba, kuma in da muna da rassa a Yamai da Agadez, da wataƙila zaɓina ya bambanta. Muka sa ta a kwamfutar babban shago, muka haɗa da batir da faranti mai hasken rana, kullum da magariba ina kwafe bayanan a kile, wato USB, in tafi da shi gida.

Kyauta ce, amma mun kashe kuɗi. Mun biya wani matashi da ya girka ta ya kuma koya wa yara, kuma na zaɓe shi ne don a garin nan yake zaune, in abu ya tsaya babur kawai zai hau. Aikin da ya fi cin rai shi ne ƙirga sito kafin a fara, da daidaita sunaye, domin shinkafa iri ɗaya suna uku gare ta a littattafanmu. Yaran shago kuma da dala suke lissafi, manhaja da faran, dala ɗaya kuma faran biyar ce: mai saye ya ce dala ɗari, yaro ya buga 100 maimakon 500. Dole muka manna takarda a jikin allon.

Littafin bashi har yanzu yana nan. Kawu bai yarda a ajiye shi ba, ni ma ban matsa ba. Duk Jumma'a bayan masallaci muna gwada shi da abin da kwamfuta ta fitar, inda suka saɓa mu kira yaron da ya yi cinikin.