Eriyar Waya da Dalilan Raunin Sabis

Wayoyin yanzu ba su da ƙahon eriya irin na da, amma eriyar tana nan. A waya mai gefen ƙarfe, gefen ne kansa eriya, kuma siraran layukan robar nan da ke yanke shi ba ado ba ne, su ke raba wannan eriya da waccan. A mai jikin roba kuwa, siririn zanen ƙarfe ne a kan roba ta ciki, galibi kusa da ramin caji.

Tsawon eriya ya danganta da zangon siginar da take kamawa, wanda ake aunawa da MHz. Zangon 900 MHz na bukatar kusan santimita 8, na 1800 MHz kusan 4. Masu ƙera waya sai sun nannaɗe wannan cikin ɗan matsattsen wuri, shi ya sa abu kaɗan ke dagula shi. Tafin hannu ma ya isa. A 2010 iPhone 4 ta sha suka saboda sabis na faɗuwa idan an riƙe gefenta na hagu daga ƙasa, inda eriya biyu suka haɗu. Rigar waya mai ƙarfe takan yi irin wannan ɓarnar.

Kada ka dogara da layukan sabis na saman fuskar waya, kowane kamfani da yadda yake lissafa su. A Android, shiga saiti, bayanin waya, sannan matsayin sim, za ka ga lamba da dBm, ma'aunin ƙarfin sabis. A 4G, -80 mai kyau ne, -100 da dama-dama, daga -110 zuwa ƙasa kira ya fara yankewa. Duk faɗuwar 10 na nufin ƙarfin ya ragu ninki goma.

Sai ka gwada. Idan lambar ta gyaru da ka fita tsakar gida, laifin kwanon rufi ne ko rufin kankare mai rodi. Idan lambar na da kyau amma data na jan ƙafa da yamma, mutane ne suka yi wa ƙarfen sabis yawa.

Idan kuwa wata wayar mai layi iri ɗaya ta fi taka da 15 ko 20 a wuri guda, matsalar na cikin taka, musamman in an taɓa buɗe ta. A cikin wayoyi da yawa akwai siririyar igiyar eriya, galibi fara ko baƙa, da ke haɗa ƙaramin fanel na caji da babban fanel, wato allon kayan aikin wayar. Kanta ɗan maɓalli ne da ake dannawa ya zauna. Mai gyara kan manta bai mayar ba, ko ya lanƙwasa shi. A duba wannan, da ƴan maƙalan ƙarfen da ke taɓa gefen wayar, kafin a yarda mai gyara ya gasa fanel da wuta.