Godiya ga waɗanda suka raba gidan Kaka da warin ruma

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, an gama bikin ƙanwarmu lafiya, baƙi sun koma gidajensu, kuma cikin waɗanda muka sauke a gidan Kaka na cikin birni babu wanda ya tashi da tari ko ciwon kai. Duk wanda ya leƙa gidan nan a ƙarshen damina ya san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Godiyar biki an riga an yi ta. Wannan ta waɗanda suka sha ƙura da wari ce tun ba a kafa rumfa ba, kuma a madadin Hajiyarmu da dukkan 'yan gida nake yin ta.

Tun rasuwar Kaka, Allah Ya jiƙanta, sashenta yake a rufe. Ginin ƙasa ne na da, tubali da azara, kuma ruwan Agusta ya wuce ta kansa ba a buɗe ko taga ba. Ranar da aka cire kwaɗo, warin ruma ya mayar da mu zaure. Funfuna ta cinye gindin bango, kayan cikin adaka sun yi ɗigo-ɗigon baƙi, katifa kuwa ba a magana.

Godiya ta farko ta Baba magini ce, dattijon da tare da mahaifinsa suka taɓa yi wa gidan yaɓe. Masu shawara sun yi yawa, wannan ya ce fenti, wancan ya ce a turara ɗakunan. Shi ya tsaya ya shaƙa, ya ce mini: "Ɗana, bar zancen wari, mu nemo ruwan tukuna." Da shekarunsa ya taka tsani ya hau soro. Indararo biyu sun toshe da ganye da leda, ruwa yana kwanciya a kan rufi yana bin azara yana sauka cikin bango. Ya sauko ya riƙa ƙwanƙwasa filastar simintin da aka yi wa ɗakunan shekarun baya, ko'ina yana amsawa kamar ganga. Ya ce bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. In ka rufe shi da siminti ka hana shi numfashi, ruwan da ya taso daga ƙasa sai ya maƙale a ciki, ƙasar ta ruɓe, ɗaki ya yi ta wari ko da kullum ana share shi.

Ya sa aka farfashe simintin daga ƙasa zuwa ƙugu, aka bar bangon tsirara. Nan aka yi ta kai ruwa rana da shi, don ranar biki tana matsowa, shi kuma ya rantse ba zai yaɓa ƙasa a kan jiƙaƙƙen bango ba. Allah Ya taimake mu hunturu ya shigo, aka bar ƙofofi da tagogi a buɗe, iska ta yi nata aikin. Sai da ya dafa ya ji bangon ya bushe har ciki, sannan ya yi sabon yaɓe, ya bi shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan. Soron kuma ya yi masa laso irin na da, wato yaɓen hana ruwa shiga da ake haɗawa da katsi (gurɓin da ke kwantawa a ramin marina) da gashin majema da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Samun masu iya wannan haɗin yau sai an tona, kuma abin takaici ne yadda muke barin aikin yana tafiya tare da masu shi. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya yi wa zuri'a albarka.

Sai maƙwabcinmu na baya. Kwatarsa tana bin gindin katangarmu shekara da shekaru. Da muka je masa da maganar bai ja ba ko kaɗan, ya ce laifin ruwa ne ba na zumunci ba, ya ba da rabin kuɗin bututu aka karkatar da ita. Alhaji, mun gode, Allah Ya bar zaman tare.

Goggo da matan gida su suka yi aikin da ba a gani. Da suka ɗaga ledar tsakar ɗaki, ƙarƙashinta jiƙe yake sharaf, daɓen ya yi baƙi. Suka fitar da komai tsakar gida. Abin da zai wanku aka wanke shi da ruwan zafi da sabulu aka shanya a rana. Adaka da gadon ƙarfe da kwanukan jere aka goge su da ruwan kal, wato vinegar. Kafet da katifa da matasan kai Goggo ta ce a zubar, don funfuna in ta shige cikin soso ba ta fita. Hajiya ta so a bar katifar saboda ta mahaifiyarta ce, sai da Goggo ta zauna da ita ta rarrashe ta. Bayan an mayar da kaya, suka zuba gawayi a ƙananan kwanduna suka ajiye a lungu-lungu da cikin adaka, yana zuƙe ragowar warin.

'Yar yayarmu ma'aikaciyar jinya ita ta tsaya kan lafiyarmu. Ta kawo takunkumi da safar hannu, ta hana a share busasshiyar funfuna da tsintsiya don ƙurarta ce take shiga ƙirji, ta ce a jiƙa tsumma a goge. Ta hana Hajiya shiga sashen saboda asmarta har aka gama. Ita ce kuma ta tare wani yaro zai zuba bilic cikin bokitin kal. Duk mai irin wannan aiki ya riƙe wannan: ba a haɗa su, iskar da suke fitarwa guba ce.

Matasan layi sun hau silin ɗakin kwano sun kwashe kashin jemage, suka toshe kafofin bayan jemagun sun fita da magariba. Ko sisi ba su karɓa ba. Allah Ya ba ku mata na gari.

Turare shi ya zo ƙarshe. Da an fara da shi, da hayaƙi ya haɗu da laima an samu wani sabon warin da ya fi na farko. Ana gobe baƙi za su sauka, surukarmu ta Maiduguri ta kunna kasko ta bi ɗaki-ɗaki da turaren wutar da ta haɗo da hannunta, kuma har yau yana nan a labule. Mun gode ƙwarai.

Wanda na manta ban ambata ba ya yi mini afuwa, ladansa yana wurin Allah. 'Yan gida kuma an tsayar da magana: kafin ruwan farko za a sake hawa soro a duba indararo, kuma ƙanenmu zai koma sashen da zama don kada a ƙara rufe shi. Akwai tsani da baro ɗaya a zaure da ba mu gane masu su ba, don Allah a aiko a ɗauka.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.