Na'urar haɗa kiɗa a Legas: fara da tambayar batir

Na kalli bidiyoyin masu gwada na'urorin haɗa kiɗa a YouTube har data ta sha ƙarewa, kuma duk bakinsu ɗaya: girman allo, laushin maɓallan bugawa, yawan sautukan da aka zuba a ciki, akwai Wi-Fi ko babu. Babu wanda na ji ya tambayi abin da zai faru idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Ina ruwansu, a Balin ko Landan suke zaune.

Ɗan situdiyona yana Agege, ɗaki ɗaya bayan shagon ɗinki. Yawancin aikina waƙoƙin biki ne da na talla, sai 'yan hip-hop na unguwa jefi-jefi. Laftop ta tsufa, batirinta ya mutu tuntuni, fankarta kuma har cikin makirfo ake jin kukanta. Shi ya sa na ƙudura sayen na'urar da ke yin komai ita kaɗai, ba sai an jona ta da kwamfuta ba. Wani abokina da ya bar kiɗa ya koma sayar da waya a Computer Village ya ce in ɗauki tasa in gwada, in ta yi mini mu yi ciniki. Babba ce, mai allon taɓawa da maɓallai 16 a jere huɗu-huɗu, tsarin da kusan kowane kamfani ya kwaikwaya tun daga na'urar MPC60 ta kamfanin Akai ta 1988 wadda Roger Linn ya tsara. Gaskiya ta burge ni. Ganga tana fita da nauyi, yanka sauti a kan allon kuma ba wuya.

A kanta na karɓi aikin wata Hajiya da za ta aurar da 'yarta. Ta ce ita ba ta son kalangun kwamfuta, na gaske take so, wanda zai kira sunan amarya ya yi wa zuriyarsu kirari. Tana da gaskiya. Mai kalangu matse tsirkiya yake a hammata, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka, da haka kalangun yake magana. In ka yanka bugu ɗaya ka ɗora a kan maɓalli, ƙarar kawai ka samu, maganar ta tafi. Sai na nemo wani dattijo daga Mile 12, na biya masa mota, ya sha goslo ya iso bayan la'asar. Da farko hannunsa bai sake ba. Can kusan magariba sai abin ya zo masa, ya yi wani zagaye da ya sa har tela ya tsayar da keke ya leƙo. Ya ajiye gula ya ce, "Ɗana, ka kama wannan?" Na ce, "Na kama, Baba." Ban rufe baki ba aka ɗauke wuta.

Janareta ya tashi cikin minti ɗaya, amma ko daƙiƙa ɗaya ce ta isa. A irin wannan na'ura, abin da ka ɗauka yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi har sai ka danna ajiyewa da hannunka, kuma ba ta da batir ko na rantsuwa. Ta kunnu fes, kamar ba a taɓa buga komai a kanta ba. Baba bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Allah bai nufa ba," ya tafi masallaci. Na sake biyan kuɗin mota da na aiki wata rana, ya sake bugawa, Hajiya ta karɓi waƙarta ta yi godiya. Ita ba ta san abin da ya ɓace ba. Ni na sani, kuma har yau in waƙar ta zo wurin kirarin sai in ji wani abu ya tokare ni.

Daga ranar ma'aunina ya koma tambaya biyu: tana da batir, kuma tana ajiye aiki da kanta? Sauran duk bayan nan suke. Da wannan idon na sake duba kasuwa, sai jerin ya ragu ƙwarai. MPC Live II ta 2020 tana da batir da sifika a jikinta, cikakkiyar na'ura ce, sai dai nauyi da kuɗi. SP-404MKII ta Roland, wadda ta fito a 2021, tana cin batir AA guda 6 ko ka jona ta da fawa banki ta USB-C, kuma wajen yanka sauti da yi masa ado ba ta da wasa, amma ni da nake gina waƙa daga fiyano da sarewa ba hanyata ba ce. Push 3 mai aiki ita kaɗai kuwa kusan dala 2,000 ce a lokacin. Na lissafa a naira na rufe shafin.

Wadda na tsaya a kanta ita ce Move ta kamfanin Ableton na Jamus, wadda ta fito a Oktoban 2024 kan dala 449. Wani yayana ne ya taho mini da ita daga Ingila. Da na buɗe kwalin sai da gabana ya faɗi, don ƙarama ce, allonta ɗan mitsitsi, wanda bai sani ba zai ce ta wasan yara ce. Maɓallanta 32, layin kiɗa huɗu kacal. Huɗu! Waƙar biki ɗaya tana son ganga, bes, fiyano, sarewa da kalangu, ka ga tun ba a je ko'ina ba an wuce. Dole ka koyi haɗe layi biyu ka sake ɗaukarsu su zama sauti guda don ka samu wuri, kuma wanda ya saba da fili marar iyaka a manhajar haɗa kiɗa ta kwamfuta irin FL Studio zai ji a takure. Murya da miksin, wato daidaita sautukan, har yanzu a laftop nake ƙarasa su, bayan na tura aikin ta Wi-Fi. Duk wanda ya ce maka za ta maye gurbin situdiyo gaba ɗaya, talla yake yi.

Amma kamfanin ya ce batirinta yana kai awa 4, kuma duk abin da na taɓa ajiye shi take yi ba tare da na danna komai ba. Ranar farko da aka ɗauke wuta ina kanta, fanka ta tsaya, ɗaki ya yi duhu, kiɗa yana ci gaba a kunnena. Dariya na yi ni kaɗai, sannan haushin wancan zagayen na Baba ya dawo mini sabo. Tana kuma da makirfo a jiki da kafar jona sauti, don haka yanzu ni nake sa ta a jaka in hau danfo in same shi a Mile 12. A gidansa hannunsa ya fi sakewa, ba gajiyar hanya, ba ya kallon agogo. Makirfon nata ba na situdiyo ba ne, yana kwaso har kukan awaki da hon ɗin motoci, amma ga gajerun jimlolin kalangu da nake sakawa tsakanin baitoci ya wadatar.

Ta abokina na mayar masa, ba don ba ta da kyau ba, a gidan da ke da sola ko inbata ta fi tawa nesa ba kusa ba. Ya ɗan ji haushi da na ce duk wanda ya zo tayawa a gaya masa ya haɗa kuɗin inbata a cikin lissafinsa. Ya ce in bar masa kasuwarsa, shi waya yake sayarwa ba wutar lantarki ba.