Alhamdulillah, na dawo gida da muryata

Yau kwanana tara da sallama daga asibiti bayan tiyatar maƙoƙo, kuma sai yau na samu ƙarfin zama in rubuta wannan. Duk kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba. Jiki bai gama dawowa ba, amma godiyar nan ta ƙi barina in yi barci.

Kusan shekara ina cewa ciwon zuciya ne. Ina zaune ƙirjina na dukan uku-uku, ga gumi ko a tsakiyar hunturu, ina ci kamar gara ina ramewa. Ashe maƙoƙo ne yake zuba sinadari fiye da kima, shi yake korar zuciyar har bugunta ya rikice. Ta mai lafiya sittin zuwa ɗari take bugawa a minti, tawa ranar da aka kwantar da ni a asibitin Malam Aminu Kano ta haura 140. Na yi watanni a kan carbimazole mai rage sinadarin da propranolol mai rage gudun zuciya kafin likitoci su yarda a yi aikin, don sun ce in sinadarin bai sauka ba, tiyatar kanta tana iya tayar da shi.

Wuƙar ba ta tsorata ni kamar maganar murya ba. Likita ya faɗa min gaskiya cewa jijiyar murya a bayan maƙoƙon take bi, ana iya taɓa ta. Ni kuwa malamar Islamiyya ce, da muryar nan nake biya wa yara karatu. Daren da za a shiga da ni na kasa runtsawa. Wata nas mai aikin dare, wadda ko addininmu ba ɗaya ba, ta ja kujera ta zauna, ta riƙe tsintsiyar hannuna tana ƙirga bugun. Ta gama ƙirgawa amma ba ta saki hannun ba. Ta ce, “Malama, yi karatunki a hankali, ina nan.” Haka muka kai asuba. Ban ma tambayi sunanta ba. Allah Ya saka mata da mafificin alheri, Ya jiɓinci lamarin ’ya’yanta.

Da na farfaɗo aka ce in yi magana. Na ce, “Ina Inna?” Muryar ta fito a dishe kamar ta mai mura, amma ta fito. Inna ta faɗi ta yi sujada a wurin.

Na san waɗanda suka tsaya min ba sa son a ambace su, amma sai na faɗa. Yaya babba, kai ka sayar da babur ɗinka ba tare da ka gaya wa kowa ba, Allah Ya musanya maka da abin da ya fi shi. Maman ’yan biyu, kin riƙe min yara uku kamar ke kika haife su. Abban yara ya kwana a barandar asibiti, sauro ya gama da shi. Ɗalibaina sun sauke Alƙur’ani. Ya Allah Ka yaye musu kowace damuwa, Ka ba marasa lafiyarsu lafiya, Ka jiƙan iyayensu, Ka haɗa mu a Aljanna Firdausi. Likitocin da suka yi aikin, Allah Ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Akwai ’yan’uwa na jini da kuɗin adaidaita ɗaya zai kawo su, ban ga ƙeyarsu ba, sai dai labarin abin da aka riƙa faɗa a kan ramata ya iso ni. Allah Ya sa uzuri ne ya tsare su.

An cire maƙoƙon gaba ɗaya, don haka kullum da safe kafin in karya sai na sha ƙwayar levothyroxine mai maye gurbin sinadarin maƙoƙon, har iya rayuwa. Zuciya ta kwanta, jiya na yi barci ban ji bugunta a kunnena ba. Masu son zuwa dubiya ku zo bayan la’asar, kuma ku yi min uzuri idan na yi shiru, muryar tana saurin gajiya.