Kafin ku rubuta wa mai jego sunan madarar gwangwani

Ƙannena da kuka fara aiki a ɗakin haihuwa da wurin awo a asibitocin Jos, kamfanin madarar jarirai ba ya buƙatar kafa allo a kasuwar Terminus muddin ya samu hannunku. Mu da muka riga ku sa farin kaya ta nan aka shigo mana: biro, kalanda, tef ɗin awon ciki mai tambarin kamfani, sai shinkafa da kaza a taron ƙara wa juna sani. Ba wanda ya taɓa ce mana mu hana mace shayarwa. Sai dai duk ranar da mai jego ta ce, "Sista, nonona ba ya isar sa," sunan da ke fara zuwa bakinmu shi ne wanda muke kallo a jikin bango tun safe.

Dabarar ta daɗe. Tun 1939 Dakta Cicely Williams, wadda ta bayyana wa likitoci cutar kwashiyoko daga aikin da ta yi a Gana, ta tsaya a Singafo ta ce mutuwar jariran da tallar madara ke jawowa a lissafa ta kisan kai. A shekarun 1970 har kayan nas ake sa wa 'yan talla su zaga asibitoci da gidajen masu jego. Ƙaurace wa kayan Nestlé ya fara a Amurka a 1977, kuma a 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙa'idar tallata abin da ke maye gurbin nonon uwa. Ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi. Najeriya ta yi tata dokar a 1990, kuma NAFDAC ce ke da alhakin tsare ta.

Ku karanta ta da kanku, domin da yawa sun ɗauka madarar aka haramta. Sayar da ita ba laifi ba ne, tura ta ne laifi. Ba talla ga jama'a, ba kyautar gwangwani ga mai ciki ko mai jego, ba tukuici ga ma'aikacin lafiya komai ƙanƙantarsa, ba hoton jariri ɓul-ɓul a jikin gwangwani. A 2016 an fayyace cewa har madarar yara zuwa wata 36 tana ciki, saboda gwangwanaye masu lamba 2 da 3 na yaran da suka ɗan tasa an yi musu launi da tambari iri ɗaya da mai lamba 1 na sabon haihuwa, tallar ɗaya tana sayar da sauran. Yanzu kuma tallar ta koma waya. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022, wanda ya haɗa ƙasashe takwas har da Najeriya, fiye da rabin iyaye da masu ciki 8,500 da aka tambaya sun ce tallar ta iso gare su. In kun ga irinta a Instagram ko a zauren WhatsApp na masu ciki ko a bangon kemis, ku ɗauki hoto, ku rubuta wuri da rana, ku kai ofishin NAFDAC.

Me ya sa ake tsanantawa kan gwangwani guda na kyauta? Saboda jiki yana yin nono ne gwargwadon abin da aka cire. Tsotso shi ke tayar da sinadarin da ke sa a ƙera nono, kuma ya fi yawa da dare. Nonon da aka bari a cike kuwa yana rage aiki da kansa. A ba ɗan kwana biyu fida ya sha ya ƙoshi, zai yi barcin awa uku ko huɗu, ya tsallake tsotso ɗaya ko biyu. Nono ya kumbura ya yi tauri, kamawa ta yi masa wuya, ga fida tana zubo masa ba wahala. Kafin gwangwanin ya ƙare, abin da uwar take tsoro ya tabbata, dole maigida ya nufi kanti.

Don haka in ta ce bai isa ba, ku ja kujera ku zauna ku ga shayarwa ɗaya daga farko har ƙarshe. A ranar farko cikin jariri ba ya ɗaukar abin da ya wuce mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya, wajen cokalin shayi, kuma daidai haka dakashi ke fitowa. Nono mai yawa sai wajen kwana na uku, yakan ɗan ƙara jinkiri ga wadda aka yi wa aiki. Kukan dare na biyu da neman nono a kai a kai ba alamar ƙamfa ba ce. Ku dubi kamu: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta sama. In tana cije baki don zafi, ko kan nonon ya fito a lanƙwashe, kamun ne bai yi ba, kuma gyara shi aikin minti goma ne. Sai lissafi: sha 8 zuwa 12 a yini da dare, fitsari shida ko fiye daga kwana na biyar, kashi ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa, nauyin haihuwa ya dawo kafin mako biyu.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda masu zafin kishin shayarwa kan yi sakaci da shi. Jaririn da ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, fitsarinsa ya ragu, ya yi laushi ba ya tashi sha, ko shawara ta hau idonsa, ba a ce wa uwarsa ta ƙara haƙuri. Likita ya gan shi yau, a tatso nata a ba shi da ƙaramin kofi, in bai kai ba a cika da madarar jarirai a bisa awo, tana ci gaba da sa shi a nono. Haka maraya, da ɗan wadda ke karɓar maganin daji, da mai larurar gado da jikinsa ba ya sarrafa sukarin nono. Waɗannan madarar ceto ce gare su, kuma ba ranar wa'azi ba ce. Mai cutar HIV da ke shan maganinta ba fashi ba ta cikin wannan jeri: shawarar ita ce nono zalla wata shida, ta ci gaba aƙalla shekara. In wata 'yar uwa za ta shayar da maraya, a yi mata gwaji tukuna, dangi kuma su riƙe sunanta saboda hukuncin aure.

Gaskiyar da ba a faɗa a taro ita ce, a Unguwar Rogo da Gangare ruwa ya fi gwangwani ɓata shayarwa. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na 'yan ƙasa da wata shida ke kan nono zalla, ko da yake an taso daga 17 a 2013. Kaka za ta ce, "Mutum ya rayu ba ruwa?" Ku ce mata, "Hajiya, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon ruwa ne, kuma tatacce." Matse dakashi a zubar, ɗura rubutu, lasa zuma (wadda ke iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin ɗan ƙasa da shekara), dukkansu da kakar za ku tattauna su, da maigida, ba da yarinyar da ko ɗaga kai ba ta iya yi a gabansu ba. Mai komawa aiki kuma ku gaya mata Dokar Ƙwadago ta ba ta rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ku koya mata tatsa da hannu mako biyu kafin hutunta ya ƙare. Tatacce yakan yi awa huɗu a ɗaki cikin kofi mai murfi.

In an yanke shawarar ba da madara, kada ku sallame ta da "ki bi abin da aka rubuta". Ku haɗa a gabanta, ita ma ta haɗa a gabanku. Garin yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta ko gwangwanin na rufe. A 2022 zargin ƙwayar Cronobacter ya sa an rufe wata masana'anta a Michigan har madarar ta yi ƙaranci a Amurka. Shi ya sa ake so ruwan ya tafasa, a haɗa yana da zafin digiri 70 ko fiye. Ƙa'idar da ta ce kada tafasasshen ruwa ya wuce minti 30 kafin a haɗa ta lita guda ce. A sanyin Disamba na Jos ruwan kofi ɗaya ya huce tun kafin nan, na filas da ya kwana kuwa ba ya kashe komai. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari, da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, a shafe kansa ba tozo ba dannawa. Yawanci cokali ɗaya ne ga mililita 30, amma a duba, kamfanoni sun bambanta. A sanyaya a cikin kwanon ruwa, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da ya kai awa biyu a zubar, ragowar da ya sa wa baki ma haka. Firji yana riƙe ta awa 24, amma da wutar da muke samu kada ku gina mata tsari a kansa. Kofi ya fi fida, don bakin roba yana ɓoye dauɗa. Madarar shayi ta leda ko ta ruwa ba ta jariri ba ce ko kusa.

Jariri yana buƙatar wajen mililita 150 ga kowane kilo a rana, wato mai kilo 4 zai sha 600. A wata shida gari ya kai kilo 20, kusan gwangwani 50 masu giram 400. Ku sa maigida ya tambayo farashi a Terminus, ya ninka sau 50, ya ajiye kusa da albashinsa, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa a 2024 naira 70,000 ne. Inda kuɗi ya gaza, gari ake ragewa a ƙara ruwa: ciki ya cika, yaro yana ramewa. Mai ƙara gari don ya yi ƙiba kuma tana ɗora wa ƙodarsa gishirin da ba za ta iya fitarwa ba.

Ba wadda za ta ce muku tana tsinkawa. Ranar rigakafi ku tambaya a hankali, "Maman jariri, gwangwani ɗaya kwana nawa yake yi muku?" Ga ɗan wata uku da ke kan madara zalla, kwana uku ne zuwa huɗu. In ta ce goma, ku ɗora shi a sikeli, ku sa ta haɗa a gabanku, sannan ku duba ko nonon zai dawo. In jaririn yana karɓa, ta riƙa sa shi sau 8 zuwa 10 har da dare, a ba shi madarar da kofi bayan ya tsotsa, a rage ta kaɗan-kaɗan ana auna shi duk mako.