Faifai bakwai na saya, shida na ɓata

Tsohuwar da ta sayar mini da shayin ba ta ɓoye mini komai ba. Ta dafa ƙunshin da tafin hannunta, ta sa tafintana ya maimaita mini har sau biyu: kada in kwance shi sai ya shekara goma. Na ce to. A daren nan kuwa na kwance shi a ɗakina na otal a unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Sayayyar tayil ce ke kai ni Guangzhou, ba shayi ba. Ran nan dai tafintan ne yake neman tsaraba, na raka shi kasuwar Fangcun, inda shagunan shayi suke jere layi bayan layi har sai ƙafa ta gaji. A can kafin a yi ciniki sai an zaunar da kai an ba ka ka ɗanɗana. Tsohuwar ta fara zuba mana pu'er, wani shayi da ake matse ganyensa kamar faifai, sabo ɗanye, wanda suke kira sheng. Ruwansa fatsi-fatsi mai ɗan kore, ga ɗaci, ga bauri irin mai kama harshe. Na haɗiye don kunya. Daga nan ta ɓalli wani daga wani tsohon faifai da takardarsa ta sha jiki, ta zuba. Wannan ja ne kamar zuma, babu sukari a ciki, amma bayan na haɗiye sai wani zaƙi ya taso mini daga maƙogwaro ya daɗe bai tafi ba. Suna da suna ga wannan zaƙin da ke dawowa, huigan. Ta ce ganye iri ɗaya ne, daga duwatsun Yunnan, shekaru ne kawai suka raba su.

Tsohon ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi sabon. Ƙunshi guda, abin da suke kira tong: faifai 7, kowanne giram 357, an naɗe su da ɓawon gora an ɗaure. Samfurin 7542 ne. Ta bayyana mini lambar: 75 shekarar da aka tsara haɗin ke nan, wato 1975, 4 darajar ganyen, 2 kuma alamar masana'antar Menghai. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ban yi kuskuren nan cikin jahilci ba. Na ɗanɗana abin da shayin zai zama da bakina, na ji, an gaya mini lokacin da zai ɗauka, kuma duk da haka na kasa jira.

Faifai shida na zo da su Kano. Na bakwai na bari a cikin wani kwali na samfuran tayil a sito na wakilina, ba don dabara ba, jakata ce ta wuce nauyi.

Na farko da na biyu a majalisa suka ƙare. Na riga na cika wa abokai baki da labarin shayin da ke zaƙi ba sukari, da aka dafa kuwa sai ɗaci. Alhajin da muke maƙwabtaka a kasuwa ya kurɓa, ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan ai maganin shawara ka kawo mana.” Don in kare mutuncin shayina sai na sa yaro ya riƙa dafa shi yadda ake dafa attaya, a tafasa shi a buta kan gawayi, a zuba sukari da na'a-na'a, wani lokaci har da citta da kanumfari. Ya shawu. Amma duk wani ganyen kore na kwali da ake sayarwa a bakin titi zai yi wannan aikin. Shi pu'er ba a tafasa sabonsa, ruwan zafi ake zuba masa, a zubar da na farko, sannan a riƙa tsiyayewa cikin 'yan daƙiƙoƙi, a maimaita sau goma ko fiye. Tafasa shi fito da ɗacin take yi gaba ɗaya, ni kuma ina bin ɗacin da sukari ina binne shi.

Na uku da na huɗu na shanye ni kaɗai da madara, da safe, cikin shekara guda. Na biyar na ba wani suruki da ya ji an ce yana rage tumbi. Ban san inda ya ƙare ba.

Na shida shi ne na ce zan ajiye, kuma na ajiye shi a wurin da na ga ya fi ko'ina tsaro, cikin durowar ɗakin uwargida. Ban yi tunanin abin da ke cikin durowar ba. Humra, turaren wuta, kwalaben almiski. Ganyen shayi kuwa yana zuƙar ƙamshin duk abin da ke kusa da shi, takarda ce kawai siririya a jikinsa. Bayan shekara huɗu da na ɗauko shi, sandal nake sha a kofi. Ga kuma hunturunmu da ya busar da shi ƙayau, ɗacin yana nan inda na bar shi, bai motsa ba. Uwargida ta ce, “Maigida, da ka tambaye ni ai da na ce ka kai shi wani wuri.” Gaskiyarta. Ban tambaya ba.

Sai daga baya na fahimci dalilin. Koren shayi na yau da kullum ana gasa shi a busar da shi da zafi sosai don ya tsaya yadda yake, shi ya sa tsufa lalata shi yake yi. Shi kuwa wannan, bayan an ɗan soya ganyen a kasko, a rana ake shanya shi, sannan a turara a matse. Bai mutu ba ke nan, yana ci gaba da sauyawa a hankali muddin yana samun ɗumi da ɗan danshi da iska. Shi ya sa wanda aka ajiye a Guangzhou ko Hong Kong, inda iska ke da laima, yake saurin nuna fiye da na Kunming, babban birnin lardin Yunnan, mai bushewa. Kano a watan Janairu kuwa ta fi Kunming bushewa nesa ba kusa ba.

A watan Maris na 2020 ƙasar Sin ta rufe ƙofa ga baƙi saboda korona, muka koma yin oda ta waya. Ban sake taka Guangzhou ba sai 2023. Wakilin nawa yana kwashe tsofaffin kwalaye ya miƙo mini wani abu a takarda mai ɗigon mai-mai, ya ce nawa ne. Wallahi na manta da shi. Shekararsa 11 a wurin.

Na koma Fangcun da shi. Tsohuwar ba ta zama a shago yanzu, ɗanta ne. Ya shinshina faifan, ya duba bayansa ko akwai fumfuna, ya sa tsinken ƙarfe ya ɓalli kaɗan daga gefe. Ganyen ya yi duhu. Ruwan ya fito ja-ja mai haske, baurin nan ya kwanta, akwai ƙamshi kamar na busasshen dabino da tsohon katako, ɗacin kuma ya rage kaɗan ne mai wucewa, zaƙin na biye da shi. Bai kai na tsohuwar ba tukuna, amma hanyar ce, na gane ta. Muka yi zubi goma sha biyu bai sare ba. Ina zaune ina lissafin faifai shida, fiye da kilo biyu, da na ɓata, yawancinsu cikin sukari da madara. Sai da na ajiye kofin na ɗan yi shiru.

Ya tambaye ni ina sauran. Na gaya masa. Bai ce komai ba, ya ƙara mini ruwa.

Ba maganar kuɗi nake yi ba, ko da yake farashin da ya faɗa mini na faifai mai irin wannan shekaru ya ninka abin da na biya. Wanda zai sayi pu'er don riba ya tuna cewa a 2007 farashinsa ya hau sama sannan ya rushe, mutane da yawa suka yi asara. Abin da ke damuna shi ne kuɗi ba ya sayo shekara 11. Ko yau na sayi sabon ƙunshi, sai na sake jira daga farko, shekaruna kuma ba baya suke komawa ba.

Wanda ke son sha yau, akwai nasa. Tun 1973 aka fito da hanyar tara ganyen a jiƙa shi a rufe na wasu makonni don ya nuna da sauri, shi ne shou, baƙi ne mai laushi, ba ya buƙatar jira. Da na sayi faifai biyu na wannan don majalisa, da ƙunshina ya tsira. Tsohuwar ma ta nuna mini shi a ranar, na ce a'a, mai tsada nake so. In kuma ɗanyen za ka saya, sayi faifai guda daban na ɗanɗano, ka riƙa ɓallar kaɗan sau ɗaya a shekara kana jin inda ya kai, ƙunshin kuwa kada ka taɓa igiyarsa. Da zarar an kwance, hannu ba ya daina komawa, ni shaida ne. Ka nisanta shi da turare, da kicin, da hasken rana. A damina ka riƙa dubawa saboda fumfuna. In kana da amintacce a can kudancin Sin, bar shi a wurinsa ya fi.

Na sayi wani ƙunshin a wannan tafiyar, yana can a siton da na bakwai ya kwana, na rubuta shekara a jikin ɓawon, na kuma roƙi wakilina ko na tambaye shi kada ya turo mini. Na bakwai ɗin yana nan gida cikin tukunyar ƙasa a ɗakin karatuna. Ranar Juma'a bayan sallah nake auna giram 7 in sha ni kaɗai, wani lokaci da Alhajin nan maƙwabcina, wanda ya daina kiransa maganin shawara. Jiya na ɗora shi a sikeli, saura giram 140.